Ludayin Hajjo

A ƙauyenmu, can bayan Jahun,
in gero ya sunkuyar da kai
kamar surukin da ya zo gaisuwa,
ba mai tambayar wane wata ake ciki.
Hanci ne zai gaya maka,
da ƙamshin tumu a bakin wuta,
da ƙaiƙayin da ke bin wuyan riga.

Kaka biyu gare mu a gidan nan.
Ɗaya sau ɗaya take zuwa a shekara, a bayan jaki.
Ɗayar kullum tana gindin turmi,
Hajjo, mai ce mini maigida,
mai ƙorafin ban taɓa kawo cefane ba.

Baba Mato ke ƙirga dami.
Tara ya ce namu,
na goma ya ja shi jikin zaure
ba tare da ya sake kallonsa ba.
Kafin la'asar wani ya zo ya ɗauka,
mu yara an hana mu ganin ko wane ne.

Juma'ar da aka rufe bakin rumbu
Hajjo takan daka sabon gero,
Sumaye ta kawo kindirmo daga ruga,
a shimfiɗa tabarma biyu a haɗa bakinsu.
Ƙwarya ɗaya.
Ludayi ɗaya, tsohon nan da ya tsage
aka ɗinke shi da zare baƙi.
Dokar kuwa: duk wanda ya riƙe shi
ba zai kai baki ba
sai ya faɗi abu guda da Allah ya yi masa bana.

Kawu Ilu ya gode da tayar kekensa
da ta kai shi Gujungu sau arba'in ba faci.
Goggo Uwale in ta fara ba ta birki,
har fura ta kwanta a sake motsawa.
Ni kuma ina shekara bakwai na ce
na gode ɗan akuyarmu ya cinye tsumagiyar Malam.
Hajjo ta yi dariya har ta ƙware,
Baba ya ɓoye tasa a cikin gemu
ya ce, to, ita ma ni'ima ce, wuce da ludayi.

Sai shekarar da ruwa ya ɗauke
gero na da ciki.
Dami takwas.
Muka tsaya muna jiran na tara, babu.
Baba ya daɗe riƙe da ƙugu,
sannan ya ja na takwas jikin zaure.
Kawu ya buɗe baki, Baba ya ce,
maƙwabcinka uku ya ɗaure.

Furar ranar nan tsararo ce,
kana hango ɗinkin ta ƙasan ludayi.
Da ya iso hannun Hajjo
sai ta bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya,
leɓenta na motsi, mu goma sha huɗu.
Ta ce, rumbu da saura,
amma tabarma ta cika.
Ta kurɓa, ta miƙa.

Kaka uku ke nan da ɗayar Kakar ta tafi.
Bana rumbu har wuya,
tabarma ɗaya ma ta ishe mu.
Goggo Uwale ta waya ta yi nata daga Hadeja,
katin ya ƙare ba ta kai aya ba.

Tun daga Gezawa nake tsara abin da zan faɗa,
kalmomi masu kyau, irin na mutanen birni.
Da ludayin ya zo
babban yatsana ya faɗa wani gurbi a jikin mariƙin,
inda nata ya side shekara hamsin.
Komai ya gudu.

'Yata Ladidi ta taɓa gwiwata:
Baba, faɗi mana, fura tana kwanciya.

Na ce alhamdu lillahi,
zaren bai tsinke ba.
Na sha, na miƙa mata.