Ƙusa Ɗari Biyu da Sha Huɗu

A hawa na tara nake, a birnin Riga,
gidan da komai nasa a kwali ya zo:
kujera a kwali, gado a kwali,
bango fari fat kamar ɗakin tiyata.
In na yi tari, ɗakin ya maido mini da abina.

Laimdota mai tsara ɗakuna ta zaga da igiyar awo,
ta ce, "Gidan nan tsoho yake nema."
Na ce nawa tsofaffin ƙasa ta rufe musu ido.
Ko murmushi ba ta yi ba. Ta kira Ojars kafinta.

Ran Talata ya zo, dusar ƙanƙara a kafaɗa.
Lifta ta ƙi kayansa,
ya hau matattakala da falankai bibbiyu,
yana haki, yana tsine wa wanda ya ƙago hawa tara.
Daga wata bargar dawaki ya ɓamɓaro su, can gabas,
wadda rufinta ya durƙusa bara waccan,
magada ba wanda ya ce uffan.

Toka-toka suke, fuska duk tsagu,
kuɗinsu ya ninka na sabo sau uku.
Na ce, "Har ruɓaɓɓe?"
Ya ce, "Mai ruɓewa ya riga ya ruɓe.
Wannan shi ne wanda ya ƙi."

Kwana huɗu yana zare ƙusa.
Kowace sai ta yi ƙara kafin ta saki,
kamar haƙorin da bai yarda ya tsufa ba.
Ya tara su a kwalbar zuma,
ɗari biyu da sha huɗu,
ya ajiye mini a kan kanta, wai kyauta.

A jikin falanki na shida akwai tsagar wuƙa:
goma sha bakwai a jere,
sai tazara,
sai ɗaya can, ita kaɗai.
Na ce ya bi ta da samfefa.
Ya share zufa da bayan hannu.
"Wani ya ƙirga wani abu a nan.
Ba ni na rubuta ba, ba ni zan goge ba."
Laimdota kuwa fitila ta saita a kai.

Baƙi sun zo, sun shafa, sun ɗau hoto.
Teburin gilashi, ƙafafun baƙin ƙarfe,
tsohon katako ya zauna a tsakiyarsu
kamar ɗan ƙauyen da aka gayyato walima
ya kuma fi kowa kwarjini.

Da dare ne, da bututun ɗumi ya ɗau zafi,
bangon ya fara numfashi.
Ingirici. Gumin doki. Damshin safiya.

Na san warin nan.
Ina 'yar shekara sha ɗaya, hunturun da kuɗi ya ƙare,
uwata ta riƙa ɓallo bargarmu falanki-falanki
tana ciyar da murhu,
mu kuma murhu na ciyar da mu.
Na rantse zan tafi inda ba a jin wannan wari.
Shekara ashirin da shida ina wanke shi daga gashina.
Yau ga ni ina biyan banki wata-wata
don a hau da shi hawa tara.

Na buga mata waya, na faɗi kuɗin.
Shiru ya yi tsawo har na duba ko layi ya yanke.
Sai ta ce, "Da mun sani, kujerun muka ƙona."
Ta yi dariya har da tari.
Nan ma na yi tari.
Ɗakin bai maido mini ba.

Na zauna a ƙasa, na jingina,
babban yatsa a cikin tsagar.
Goma sha bakwai.
'Yan dukushi ne? Buhuna? Kwanakin jiran wani?
Sai wannan ɗayar, can nesa da 'yan'uwanta,
wadda wuƙar ta fi nutsewa a cikinta.