Jitar Kawu Bizo

Kawu Bizo bai bar gona ba, bai bar gida ba.
Riga uku ya bari, da bashin mai shayi,
da jita ja mai cin kuran,
rataye a ƙusa, a ɗakin hayarsa na Bagalam,
inda gizo-gizo ya ƙara mata tsirkiya ta bakwai.

Ranar arba'in na sauko da ita.
Na jona. Ta yi ƙugi
kamar zuma ta shiga tulu,
ta yi tari, ta ɗauke.
Sai na danne wayar da gwiwa
kafin ta yarda ta yi mini magana.

Harisu mai ganga ya ce: Farke ta.
Kunnuwan nan uku na ƙarƙashin tsirkiya sun kurmance,
akwai sababbi a Kano, jibi sun ƙetaro ta Ɗan Isa.
A kankare jan nan, a fesa baƙi mai sheƙi.
Biki muke zuwa, malam,
ba wanda zai yi maka liƙi don tsufan katako.

Wani mai tabarau kuma ya zo daga Yamai,
ya juya ta, ya karanta lambar da ke ƙeyarta,
har shinshina ta ya yi.
Ya ce: Ko noti kada ka taɓa.
Yadda ta baro hannun maƙeranta, nan kuɗinta yake,
ka sauya ƙusa ɗaya, jikka hamsin ta zube.
Ya rubuta mini lambarsa a kwalin ashana.

Kwana tara ban runtsa da kyau ba,
kuma ba ciniki ne ya hana ni ba.
Akwai wani gurbi a bayan wuyanta
inda babban yatsan Kawu ya ci fenti, ya ci itace,
yadda igiyar guga ke cin bakin rijiya.
In na ɗora nawa, ba ya cika shi.
Nawa siriri ne.

Ran Laraba na kai ta Sabon Gari,
rumfar Sahabi mai gyaran rediyo.
Na ce: Buɗe kawai mu gani, ban ce gyara ba.
Noti goma sha ɗaya ya kwance,
biyu daga ciki na gilashin babur ne.

Ya ɗaga marfin.
Ga wayar dutsen guga, an feɗe ta an ƙulla.
Ga robar silifa, an yanka an yi matashi.
Kunne na tsakiya ba ɗan gidan ba ne,
baƙo ne, an sassaƙe masa wuri da wuƙa.
Ɗan farin nan na wuya, da mai tabarau ya yaba,
ƙashin rago ne.

Sahabi ya kai fitila kusa, ya daɗe bai ce komai ba.
Can ya ce: Wannan ɗigon dalma na babana ne.
Na san shi kamar yadda kake sanin rubutu.
Kullum sai ya bar masa ɗan wutsiya.

Ashe asalin da na kwana tara ina gadi,
Kawu ya daɗe da kai shi biki,
ya ɓatar da shi gutsure-gutsure
tsakanin Tibiri da Madarunfa,
duk inda ta mutu masa a tsakar dare
ya tashe ta da abin da ke aljihu.

Na ce wa Sahabi: Kunnen ƙasa ya mutu, sa sabo.
Bakin wayar ma, gwiwata ta gaji.
Baƙon tsakiya ka bar shi, ya zama ɗan gari.
Dalmar babanka, ka ratse ta.
Fenti kuwa,
Harisu ya saya wa gangarsa.

Asabar muka yi suna a Zariya.
Tsirkiya ta biyar ta riƙa karkarwa tun waƙar farko.
Na laluba aljihu, na ji kwalin ashana,
na yage gefen da ke da lamba,
na naɗe shi huɗu, na cusa a ƙarƙashinta.

Ta daina.