Matakala Ɗari da Tara

Matakala ɗari da tara ce
daga tashar jiragen ruwa zuwa ƙofar Eulalia,
a Valparaíso, inda gidaje ke rataye jikin tudu
kamar shanya.
Na hau da shafi ɗari biyu a hammata,
hannuna na ƙarnin kifi, gabana na dukan uku-uku.

Ta karanta shafin farko a tsaye,
na biyu a zaune.
A na goma sha ɗaya ta ɗago kai:
"Casimiro, nan labarinka ya fara.
Waɗancan goman gyaran murya ne.
Ba ni su in hura wuta."

Na ce, "Amma bayanin teku fa?"
Ta ce, "Ga teku can ta taga, bai ɗauke ka lauya ba.

"Ka rubuta wai matar tana baƙin ciki.
Wa ya gaya maka? Ni ban gani ba.
Bar ta ta ɗauko faranti biyu da magariba,
ta tsaya,
ta mayar da ɗaya cikin kabad.
Daga nan ka ja bakinka.
Mai karatu yana da haƙora,
kada ka tauna masa, ka kuma haɗiye masa.

"Wannan mugun naka, kyaftin ɗin jirgi,
ba uwa ce ta haife shi ba? Ba ya ciwon kunne?
Ko kura tana lasar 'ya'yanta.
Ba shi abu guda da yake ƙauna,
tsuntsu a keji, ko tsohuwar rigar sanyi,
don in ya ɗaga hannu zai mari yaro
mu ji tsoro na gaske.

"Mutanenka kuma magana suke kamar masu karanta labarai a rediyo.
Sauka kasuwa gobe da asuba,
ka ji Herminia tana taya kifi.
Bakinta na cewa ya yi tsada,
nufinta mijinta bai aiko da kuɗi ba.
Mutum kewaye zancensa yake yi
kamar mage da tukunya mai zafi."

Ta zuba mana shayi, ya huce ba mu taɓa ba.
Wani jirgi ya yi kuka daga ƙasa.
Ta juya can wajen ƙarshe,
ta daɗe.

"Yaron nan da ke zaune a matakala
yana jiran uban da ya tafi teku,
layi uku kacal ka ba shi.
Me ya sa alƙalaminka ke sauri in ya zo kansa?"

Ban amsa ba.

"To, can ruwan yake," in ji ta,
"kai kuwa kana ta haƙa inda ƙasa ke da laushi.
Inda ka ji kunya, inda hannunka ya yi rawa,
nan za ka zura guga.

"Karanta shi a bayyane, da dare, kai kaɗai.
Jimlar da harshenka ya yi tuntuɓe da ita tana da laifi.
Kalmar da ka fi taƙama da ita, sa mata ido,
sau da yawa ita ce ɓarauniyar.
In ka gama, kulle shi a aljihun tebur
har lokacin sanyi ya wuce,
ka dawo masa kamar mai bin bashi.
Kada ka zauna jiran ilhama.
Ka taɓa ganin kifi ya ƙwanƙwasa wa masunci ƙofa?"

Na ce, "To, zan zama marubuci?"
Ta miƙo mini takarduna, saura ɗari da casa'in.
"Ni ba mai duba ba ce. Ka dawo ran Alhamis."

Na sauko cikin duhu ina ƙirga matakala.
A ta arba'in da biyu na tsaya,
inda nakan zauna ina ɗan shekara bakwai
ina bin kowane jirgi da ido.
Na zauna. Dutsen da sanyi, kamar da can.
Na juya bayan shafin ƙarshe,
na laluba aljihu ina neman fensir.