Daga Bakin Tukunya

Maite, 'yar ƙanena,
wasiƙarki ta iso ran Talata, ruwan Valdivia ya jiƙa gefenta.
Kin ce takardu uku ne kan teburin babanki a Quellón,
kusa da ragar da bai gama ɗinkewa ba.
Kina tambayata wace jami'a,
ni da ban wuce aji shida ba.

To, shekara ashirin da bakwai ina riƙe da ludayi
a ɗakin cin abincin ɗalibai.
Wanda ya daɗe a bakin rijiya ya san guga mai yoyo.

Kada hoton bangon takarda ya ruɗe ki.
Ciyawar nan, ranar hoto aka aske ta,
masu dariyar nan, cewa aka yi su yi.
Hau jirgin fito, hau bas, je ki da ƙafarki
ranar da ake ruwa, ba ranar biki ba.
Gani ya kori ji.
Tsaya ƙofar ɗakin karatu da tara na dare:
a buɗe yake? Da ɗumi a ciki?
Tari 'yar aji uku, wadda idonta ya faɗa,
ki ce ta faɗa miki malamin da ya san sunanta.
In ta tsaya dogon tunani, kin sami amsa.

Ta Santiago tana da suna, na sani.
Suna ba ya biyan haya.
Zauna da babanki da fensir,
ku lissafa ɗaki, itacen murhu, kuɗin mota,
da bashin da zai bi ki har furfura irin tawa.
In ya cire hula ya sosa kai sau biyu,
mai da wannan takardar ƙasa.
Kuma kar ki ɗauki likitanci don kakarki na son a ce.
Tun kina shekara tara kike farke cikin kifi
kina tambayar me ya ci.
Bi wannan tambayar, ta san hanya.

Akwai wani yaro, Anselmo Huenchumán.
Teburin lungu, littafi a fuska, cokali na sauri,
shekara biyar ban ga kujerar gefensa ta motsa ba.
Shi ya zo na ɗaya.
Ranar yaye ya zagayo ta ƙofar baya
ya ce ko zan tsaya a ɗauke mu hoto,
don bai san kowa ba sai mai zuba masa miya.
Na tsaya, da rigar girki, ina warin albasa.
Sai da na koma wurin wanke-wanke hawayen suka zo.

Saboda haka ɗauki tirenki ki zauna da baƙuwar fuska.
Da ɗan Arica da bai taɓa ganin ruwa na kwana tara ba,
da wadda ra'ayinta ke sa ki tafasa.
Rabin karatun a nan teburin ake yin sa.
Rawa ma ki je, amma na ga masu rawar kullum
da tirensu bai ga damina ta biyu ba.

Ƙwanƙwasa ƙofar malami, ba ya cizo.
Tambayar da kike jin kunyarta, mutum goma na bayanki na jiranta.
Koyi sunan mai share ajinku.
Kira babanki ran Lahadi; ba zai faɗa ba,
amma tun Asabar yake sa wayar a caji.

Wata rana za ki faɗi jarrabawa.
Kowa na faɗi, masu ƙarya ne kawai ba sa faɗi.
Ranar ki nemi inda ake fere dankali ki ɗauki wuƙa.
Kafin buhu ya kai rabi duniya ta koma girmanta.

Kar ki sayi laima, iskar kogi za ta karya ta.
Takalmin roba, da rigar ulun da mamarki ta saƙa.
In za ki biyo, riƙo mini dankalin tsibiri, shuɗin nan,
na nan ba ya da ɗanɗano.

Ban ce ki zaɓi tamu ba, ki lura.
Na dai ce ran Alhamis nake miyar wake,
kuma hannuna na da nauyi in ludayi ya ga jinina.

Gwaggonki, Rosalba.