Ɓawon Rumman a Goycay

Bayan an matse ruwan, ɓawo ke saura,
tsibi guda a bayan masana'anta.
Shekara tara ina kwashe shi da shebur,
har tafin hannuna ya rine.

Ran Talata Tunzala ta sauko daga ɗakin gwaji
da bokiti biyu, ta ce kar in zubar.
Na yi dariya. Ko akuya sai ta ga dama take ci.

Ta shanya, ta niƙa, ta jiƙa, ta tace.
Kwalba uku na man shanu a kan taga:
ɗaya haka nan,
ɗaya da farar hodar nan mai lamba maimakon suna,
ɗaya da abin da nake zubarwa.

Kwana arba'in ta kira ni,
wai hancina ya fi na'urarta.
Ta farko, hamami ya ja ni baya.
Ta biyu lafiya lau.
Ta uku sai da na sake sunsunawa:
kamar jiya aka kaɗa shi.

Ashe rigar da ta kare 'ya'ya daga rana
ba ta gama aiki don an tuɓe ta ba.

Yanzu a kan sikeli ake karɓa, kilo-kilo.
Rovshan mai gadi har attajiri yake ce mini.
Hannun dai bai wanku ba.