Jami'a a Kan Teburin Cin Abinci

Ƙarfe bakwai na ture kwanon ƙosai gefe,
na goge maiƙon da bakin zane,
na ce daga yau nan ne ofis.
Kujerar ba ta yarda ba.
Don tuwon minti goma aka ƙera ta,
ba don bayan mace mai shekara arba'in da shida ba.

Amsoshin ɗalibai ɗari da sha bakwai
na jirana a cikin kwamfuta.
Na duba huɗu, aka ɗauke wuta.
Hayin Banki ta yi tsit,
sai janaretoci suka fara gaisawa gida-gida.
Nawa bai amsa ba. Mai yake so,
mai kuwa albashi ke sayensa,
albashi yana can ya yada zango a hanya.

Ƙarfe goma taron sashe.
Dakta Yohanna daga Barnawa ya ce, "A ganina..."
sai hotonsa ya daskare, baki buɗe.
Har yanzu ba mu san ganinsa ba.
Ni ina gindin mangwaro
na ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa,
don nan kaɗai sabis ke sauka.
Injin markaɗen Iya Talatu ya tsallako katanga
ya shiga taron ba gayyata,
ya kuma fi kowa dogon bayani.

Sallama. Gwaggo Indo ce daga Rigasa.
"An ce yanzu zaman gida kike, kin huta."
Da wane baki zan ce wa wadda ta goya ni ta jira?
Na ɗora shayi. Muka yi zancen gwiwarta.
Kafin in dawo, autana Sadi
ya zana tirela a bayan jadawalin jarrabawa.

Amma kada in ci amanar gaskiya.
Yau ban shaƙi hayaƙin Kawo ba,
mai keke bai ga ko sisina ba.
Ƙarfe biyun dare wuta ta dawo,
gida na barci, yayyafi na taka kwanon rufi a hankali,
na rubuta shafi uku
da suka gagare ni shekara guda a ofis.

Gobe shugaban sashe zai turo takarda:
awa nawa kika yi aiki?
Akwai gurbin lacca, akwai gurbin bincike.
Na duba sama da ƙasa,
ban ga inda zan sa gwiwar Gwaggo Indo ba.