Ƙwallo Na Da Rai

Kowace Asabar, a filin makarantar da ke gefen Kanda,
inda jar ƙasa ta ci ƙarfin ciyawa,
ina tsugune bayan mai cafe ƙwallo, da ragar ƙarfe a fuska.
Ba ni da usur.
Maƙogwaro ne jarina, sai hannu biyu.

Besbol baƙo ne, a buhu aka kawo mana shi,
muka raɗa wa matsayansa sunan da muka gada:
zango na ɗaya, na biyu, na uku, sannan gida.
Wa zai koya wa ɗan Nima ma'anar zango?

Tsohon da ya koya mini alƙalanci
magana ɗaya ya bar mini:
muddin ƙwallo na da rai, bakinka ya mutu.
Bari ya huta a tafin wani,
sannan ka yanke abin da za ka yanke.

Ita na riƙe ranar da Fuseni ya sulalo gida a kan ciki,
safar mai cafewa ta riga shi da faɗin yatsa.
Na ce ya faɗi.
Ya miƙe, ya yi jifa da hular kwano,
ya ambaci uwata da babbar murya,
ya manta kakarsa ce.
Jini ya hau mini ka, yatsana har ya fara miƙewa,
amma ga Nii Lante can tsakanin zango biyu,
yana gudu kamar mai bin tirotiron ƙarshe.
Shi bai zagi kowa ba.
In na ɗaga hannu yanzu, na sace masa gudunsa.
Na haɗiye zagin da ƙurarsa,
na ƙirga sawu: tara, goma, sha ɗaya.
Ya taka na uku. Ƙwallo ya koma hannun mai jifa.
Sannan na juya, na nuna wa ɗan yayata ƙofa.

Mako uku yayata ba ta amsa gaisuwata ba.

Amma akwai wata Asabar.
Zagayen ƙarshe, baƙi daga Tema na neman ci ɗaya,
sanda ta sami ƙwallo a tsakiyarsa,
ya koma inda ya fito, ya sami Mumuni a gefen kunne.
Ƙarar kamar an sari kwakwa.
Yaron bai ko kai hannu ba, ya zube.
Mutum biyu na tahowa gida a guje,
ƙwallo na gangarawa, babu mai shi.
Ban tuna tsohona ba.
Hannuwana suka tashi da kansu: Tsaya! Kowa ya tsaya!

Kocinsu, Kwabena Ofori, ya taso har gemuna.
Ƙwallo na da rai! Ƙwallo na da rai!
Na ce, yaron nan ma haka,
kuma nasa nake tsoron ya ƙare.
Ya tofa yawu kusa da takalmina.
Ban kore shi ba, kada ka tambaye ni dalili.
Watakila don na ga ya tuɓe rigarsa
ya tokare kan yaron da ita,
bakinsa bai daina zagina ba.
Lariba mai shinkafa da wake ta kawo ƙanƙara a ɗankwali,
muka tare tasi a bakin titi.

Yau Mumuni ne ke rubuta mana ci,
sai ka zagaya ta damarsa in kana so ya ji ka.
Fuseni ya dawo, yana gaishe ni ciki-ciki.
'Yan Tema har gobe suna cewa na cinye musu wasa,
kuma wasu dare, a kujerar baya ta tirotiro,
ragar ƙarfe a kan gwiwa,
nakan sake ƙirga sawun mutum biyun nan.
Da sun iso.
Na sani, da sun iso.